Guga Sifiri

Kati ne kore, bai cika tafin hannuna ba.
Zabairu ya tsinto shi a Kasuwar Dole
cikin kwalin kayan da aka fid da rai da su,
jaka ɗaya da rabi, har da tsatsarsa.

A kan Linux bakinsa ba ya rufuwa.
Na soka shi a injin ɗakin magani na Garin Malam,
wanda BSD ke riƙe da shi shekara tara, ko tari bai yi ba,
sai ya yi gum.
Ga waya a jone, ga saƙo cike da bango,
fitilarsa ko ƙiftawa.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Direba muke ce masa, amma ba ya tuƙi.
Tafinta ne tsakanin ƙarfe da mai gida,
kuma wanda ke akwai yaren wancan gidan kaɗai ya iya.
Layi dubu huɗu.
Mai shi ya rubuta a bisa kai:
ɗauki, gyara, sayar in ka so,
sunana dai kar ka kankare.
Ban san fuskarsa ba. Na bar masa sunansa.

Dare goma sha tara ina kwasar kaya.
Can ana roƙon wuri da hannun dama,
nan sai ka yi sallama sau biyu.
Can ƙofa ɗaya ake kullewa,
nan kowane ɗaki da kwaɗonsa.
Kuran ya ɗauke, in koma kan batir,
duwatsun Birni na amayo zafin da suka sha da rana,
Inna Cima na jera bido a bakin famfo tun ƙarfe uku
ko Allah zai sa ya yi tari.

A layi na dubu da ɗari biyu da sha biyu
na tarar ya bar wasiyya:
Jira kaɗan a nan. Ban san dalili ba.
Na yi dariya, na goge.
Sau uku injin ya faɗi matacce a gabana.
Na mayar masa da jiransa,
na rubuta a ƙasa: Ni ma.

Saura suna.
Can, da mazauninka ake kiranka,
rami na kaza, layi na kaza.
Nan kuwa sai da sunan gidanku,
harafi uku ko huɗu, a liƙa lamba a wutsiya.
Na aika da dmg, don Damagaram.
Wani daga ƙasar sanyi ya amsa cikin ladabi
wai a harshensu haruffan ɓarna suke nufi,
wa zai ɗora injinsa a kan ɓarna?
Na ce zr. An riga ni.
Na ce cim. Ya ce wane kamfani ne wannan?
Ban ce masa kamfanin yana waje yana jiran ruwa ba.

Da asuba famfo ya ƙi.
Na ji Inna ta nufi tsohuwar rijiya,
na ji igiya na cin bakin itace,
na ji faɗuwar, da shirun,
da nauyin da ke hawowa.

Ba rago, ba goro, ba wanzami.
Na buga harafi huɗu, na tada injin.
Rubutu ya zubo fari a kan baƙi,
can tsakiya: guga0.
Fitila ta ƙifta.
Na jefa sallama Mirriya, ta dawo da jiƙaƙƙen gindi.

Habsu mai allura ba ta san an yi haihuwa ba.
Ta leƙo ta ce sakamakon jini ya iso,
in ɗauke kofin shayina daga kan teburinta.

Wata rana, a garin da ruwa ke bin bango,
wani zai tada injinsa ya ga sunan,
ya ce wannan kuma gajarcen mene ne?
Ba gajarce ba ne, ɗan'uwa.
Iyakar tsawonsa ke nan.
Igiyar ce doguwa.